Layin da Na Ja a Kan Tuwo

A shekarun nan da Turawa suka fara ɗaure kayansu, kafin mu samu mulkin kai, ni ne shugaban kafintoci a wata ma'aikata da ke bakin Tudun Wada, nan Zariya. Aikinmu bencina da teburan makaranta, ƙofofi da tagogi, wani lokaci kabad na ofis ko na asibiti. Mutum goma sha takwas ke ƙarƙashina, ni kuma mutum ɗaya ke bisa kaina, wani Bature dogo mai fama da ciwon baya, wanda kowa ya san kwanakinsa a ƙasar nan sun kusa ƙarewa. Kujerarsa nake so. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da ita nake kwana, da ita nake tashi, har na riga na san yadda zan juya teburinsa ya fuskanci taga in na hau.

Kuma a ganina na cancanta. Kekena ne na farko da ke jingina a gindin mangwaron bakin ƙofa, shi ne na ƙarshe da ke barin wurin. Ban taɓa ɗaukar ƙusa ɗaya ta ma'aikata na kai gida ba. Bencin da ya fita daga hannunmu, yara su yi ta sukuwa a kansa shekara da shekaru bai yi ko ƙara ba. In aka yabi aikin ni nake amsa yabon, don a zuciyata ni ne aikin, sauran kuwa hannuwa ne Allah ya ba ni aro.

Doka ɗaya na kafa, ban rubuta ta a allo ba amma kowa ya haddace ta: ba mai ɗora zarto a kan katako sai na auna na ja layi da hannuna. Fensir ɗaya ne a duk ma'aikatar, yana bayan kunnena na dama. Rula ɗaya ce ke aiki, irin mai naɗewar nan, tana aljihun gaban rigata, sauran na kulle su a kabad tun zuwana. Da safe za ka ga magidanta, wasu har da furfura, kowa rungume da katakonsa, sun jeru kamar masu jiran famfo, ni kuwa ina tafe ina aunawa ina ja. In na kewaya bayan gida, zarto goma sha takwas sai su yi shiru har in fito.

Na san inda na samo wannan hali. Tun ina koyon aiki a cikin birni na taɓa rage wa wani katakon maɗaci tsawo, wajen faɗin yatsa biyu. Maigidana ya kwaɗa mini mari a gaban mai kayan, ya ce hannuna na noma ne, in koma gona. Marin ya daɗe da hucewa, maganar ce ta samu wuri ta zauna. Na yi rantsuwa ba za a sake ɓata katako a inda nake ba, kuma ban yi kaffara ba: shekara bakwai ina shugabanci, ba a ɓata ko ɗaya ba. Da wannan nake bugun ƙirji a ko'ina.

Cikin mutanena akwai biyu da dole in ambata. Na farko wani dattijo ne mutumin Hanwa, duk muna ce masa Baba, wanda ya fara riƙe zarto tun ban san dama da hagu ba. Ba shi da yawan magana. In ya kawo katako na ja masa layi, sai ya ɗan tsaya ya dubi layin, ya dube ni, ya ce, "Madalla, Maigida," ya juya. Na biyu wani Ibo ne, Kirista, mai 'ya'ya uku, yana haya a bayan gidanmu, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Shi kaɗai ya taɓa ce mini, "Maigida, da ka bar mu muna auna ƙananan, kai ka ji da manyan." Na ce masa ranar da ya zama shugaba sai ya yi hakan. Bai sake tayar da maganar ba.

Duk ranar Litinin nakan tara su in faɗi aikin mako, in rufe da cewa, "Akwai mai magana?" Sai a sunkuyar da kai. "Babu, Maigida. Haka ne, Maigida." Ni kuma in ɗauka mun yi shawara ke nan. Abin mamaki, Bahaushe ne ni, cikin wannan kunyar aka haife ni, kuma haka nake yi wa Bature in ya faɗi abin da bai kwanta mini ba: in ce haka ne, in fito ina tsaki. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin da nake yi wa na sama shi na ƙasa ke yi mini ba.

Wata damina kurkunu ya fito mini a ƙaurin hagu. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba: tsutsa ce doguwa kamar zare, kullum sai a ɗan nannaɗe ta a tsinke, in aka yi gaggawa ta tsinke ka shiga uku. Na kwanta a zaure, ƙafa a kumbure. Kwana biyu ba a yanka komai a ma'aikata ba. A rana ta uku sai ga amalanke a ƙofar gidana, an lafta masa katako, mutum huɗu na turawa cikin taɓo. Suka riƙa shigo da su ɗaya-ɗaya, ina kishingiɗe a tabarma ina aunawa ina ja, suna mayarwa. Maƙwabta suka fito kallo. Telan da ke kallon gidana ya tsayar da kekensa ya ce, "Kai, Malam, ashe haka kake da girma a wurin nan!" Wallahi daɗi ya kashe ni, har na manta da ƙafar.

Kwana tara ana wannan jigila, sai Bature ya ci karo da amalanken a hanya. An ce mini ya tsayar da motarsa ya tambaya, aka gaya masa, ya daɗe yana kallon katakon da ruwa ya jiƙa, sa'an nan ya ja motarsa ya wuce. Na ɗauka mamakin himmata ne ya kama shi.

Bayan na warke da 'yan watanni, Bature ya tashi tafiya hutu ƙasarsu, na wata huɗu. Dole wani ya riƙe masa ofis, kuma kowa ya san wanda ya riƙe shi ne magaji. Na ba telan nan ɗinkin sabuwar riga. Sai ga takarda: an aro wani daga Kaduna ya zo ya riƙe. Mutumin da bai san maɗaci da ɗorawa ba! Na shiga wurin Bature raina a ɓace, na tuɓe takalma, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, wane laifi na yi?"

Ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Babu laifi, Malam. Aikinka da kyau ƙwarai. Amma in na ɗauke ka na sa a ofis, wa zai ja layi?"

Ka ji fa. Mutum ya buɗe baki ya kira mini ciwona da sunansa, ni kuwa na fito ina cewa a raina, ai ga shi ya faɗa da bakinsa, ba su da kamata, ƙwarewata ce ta ja mini. Sai na shiga neman maƙiyi. Na ce ƙarancin Turancina ne. Na ce Ibon nan ne ke kai sukana, tun da na sha ganinsa yana magana da Bature da Turanci. Na daina amsa gaisuwarsa sai da ka. Har wurin wani malami na je a cikin birni ya ba ni rubutu na sha saboda mahassada. Rubutun bai yi laifi ba, sai dai wanda ake nema ɗin shi ne ke shan sa.

Yanzu sai in kawo wadda ta warware mini. A gindin mangwaron nan na bakin ƙofa akwai mai tuwo, ita ke ciyar da mu da rana. 'Yar kawuna ce, wato taubashiyata, ta girme ni da kusan shekara goma, mijinta ya rasu ta kama sana'a. Tsakanin taubasai kuwa babu fushi: ɗan mace da ɗan namiji, duk abin da ɗaya ya yaɓa wa ɗaya, komai ɗacinsa, wasa ne, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Tun muna yara take ce mini bawanta. Na zama shugaba, ana rusuna mini, ita kuwa ko a gaban wa "bawana" take kirana, ba abin da zan iya sai in rama da baki. Kuma a gabanta mutanena ke zama su ci su yi hira, duk abin da ba sa faɗa a gabana yana kunnenta.

Wata Laraba, an tashi cin abinci, na fito na tarar da mutanena zaune a kan benci, kowa da kwano a hannu, babu komai a ciki. Tukunyar tuwo a buɗe tana tururi, miyar kuka na gefe, ita kuwa ta naɗe hannu, marar kwasar tuwon na ajiye a cinyarta.

Na ce, "Ke tsohuwa, lafiya? Yau yunwa kike sayarwa?"

Ta ce, "Kai muke jira, bawana. Na ga a gidan nan ba a yanka abu sai ka ja layi. Ina ni ina kwasar tuwo da ka? In na karkace fa?"

Kafin in buɗe baki ta miƙe ta zare fensirin daga bayan kunnena, abin da ko matata ba ta taɓa yi ba, ta danƙa mini a hannu. "Auna. Ga na Baba, ga na mai 'ya'ya uku, shi a ɗan ƙara masa. Yi sauri, bayin Allah na jin yunwa."

Na yi dariyar yaƙe, na ce ta bar shirme. Ta koma ta zauna. Na dubi mutanena, kowa ya kafa wa kwanonsa ido kamar an rubuta wani abu a ciki. Na ce to ni na fasa cin tuwon, zan koma ciki. Ta ce, "A sauka lafiya, su ma sai su bi ka da yunwarsu." Lokacin hutu na tafiya. Fushi ba dama, kafin la'asar duk Tudun Wada za ta ji cewa shugaba ya yi fushi da taubashiyarsa. Na ga dai ba mafita, na juya gindin fensirin, na sunkuya, na ja layi a kan tuwon daga wannan baki zuwa wancan.

Ta leƙa, ta karkata kai, ta rufe ido ɗaya yadda nake yi. Ta ce, "Ya karkace."

Baba ne ya fara. Dattijon da shekara bakwai ban ga haƙorinsa ba, dariya ta ƙwace masa, ya ajiye kwano ya riƙe ciki, hawaye na bin gemunsa. Sai sauran suka ɓarke. Wani ya zamo daga kan benci. Ibon ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Na tsaya da fensir mai tuwo a gindi ina dariyar dole, amma kunnena na gaya mini wani abu: wannan ba dariyar yau ba ce, an daɗe ana tara ta. Ban ci tuwon kirki ba ranar.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na bi ta gidan mahaifiyata a cikin birni in gaishe ta kamar kullum. Na tarar da taubashiyar tawa a can tana taya Inna tsinkar zogale. Na ce mata ta kunyata ni a gaban yarana.

Ta ce, "Yaranka? Baba ne yaronka? Mutumin da ya yi wa kawunka ƙofar zaure kana cikin tsumma?" Ba ta ko ɗaga kai daga zogalen ba. "Zauna in gaya maka, tun da duk garin nan ni kaɗai Allah ya ba izinin zaginka. Ka san abin da suke cewa? Ba zaginka suke ba, da zagi ne ma da sauƙi. Cewa suke ka iya aiki, ba ka cin haƙƙin kowa, amma ka mai da su jakuna. Baba ya ce rabonsa da auna katako tun ranar da ka hau, har a gida in zai gyara kujerar matarsa sai ya ji gabansa na faɗuwa. Shi kuwa Ibon da kake harara, maganar da ka ga yana yi da Bature, takardar shaida yake roƙo, zai bar muku aikin. Ya ce ya gaji da zama zarto."

Na ce, "To me ya hana su faɗa mini? Kullum sai na tambaya."

"Kai kana faɗa wa Bature? Kana tambaya fuska kamar hadarin gabas, wa zai tanka? Shi Baturen ma ai ya faɗa maka, kai da bakinka ka zo nan ka ba Inna labari kana hura hanci. Ka mai da kanka ginshiƙin ɗaki, bawana. Wa ka taɓa gani ya cire ginshiƙi ya kai shi bene?"

Inna ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Sai da na tashi tafiya ta ce, "Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba." Na hau keke na fito ta Ƙofar Doka, ban san inda nake ba sai da na gan ni a gadar Kubanni, na wuce gida da nisa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi, na juya maganarta ta kowane gefe na rasa inda ta yi ƙarya.

Ba zan ce na wayi gari na zama wani mutum ba. Na daɗe ina jan layina ina cin magani. Abin da ya tunkuɗa ni, in faɗi gaskiya, ba tausayinsu ba ne, kujerar ce. Bature ya dawo, na Kaduna ya koma inda ya fito, aka ce saura shekara ɗaya da rabi Bature ya tafi gaba ɗaya. In ban gyara ba wani za a sake arowa, wannan karon kuwa ba mai komawa ba.

Na je kanti na sayo fensir tara, na raba kowanne biyu, na buɗe kabad na fito da rulolin da na kulle. Ranar Litinin na zube su a kan tebur, na ce kowa ya ɗauka, daga yau kowa ya auna nasa. Ba wanda ya motsa. Sun ɗauka tarko ne. Wani ya ce, "A'a, Maigida, mu su wa? Ai hannunka ya fi." Na ce umarni ne. Suka ɗauka kamar masu ɗaukar garwashi. Ranar kuwa kowa ya ja layinsa, sa'an nan ya rungumo katakon ya zo ya tsaya a gabana in duba. Jerin nan dai na nan, sai ma ya fi na da jinkiri. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ina dubawa ina gogewa ina sake ja, ko da nasu daidai yake.

Baba ne ya tsayar da ni a rana ta uku. Na kai hannu zan goge nasa, sai ya ɗora yatsa a kan layin a hankali, ya ce, "Maigida, in za ka goge, karɓi abinka." Ya miƙo mini guntun fensirin. Babu fushi a muryarsa, da akwai ma da na fi jin sauƙi. Kunya ta rufe ni. Na tura masa hannunsa, na ɗauki kekena na tafi duba tagogin wata makaranta da ba sa bukatar dubawa, don na san in ina wurin hannuna ba zai bari ba. Haka na riƙa yi, kullum da hantsi sai in ƙirƙiri tafiya. Na san lungunan Tudun Wada a watan nan fiye da duk zaman da na yi a cikinta.

A mako na biyar abin da nake tsoro ya faru, kuma a hannun Ibon. Ƙofar wani ofis ce ta maɗaci, ya rage mata tsawo. Na dawo na tarar da ma'aikatar tsit, ba ƙarar guduma ko ɗaya. Yana tsaye kusa da ƙofar, ya riga ya ajiye fensirinsa a kanta. Ya ce, "Maigida, ni na yi. Duk hukuncin da ka yanke na ɗauka." Sauran na kallon ƙasa.

Na auna. Faɗin yatsa biyu, daidai da nawa na cikin birni. Jini ya hau mini ka, na ji maganar tsohon maigidana ta taso har bakina, a shirye tsaf. Da ƙyar na haɗiye ta. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina ba su labarin marin da na sha, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce masa, "A nan ma na fi ka, nawa katakon ya fi wannan faɗi." Wani ya yi 'yar dariya. Baba ya matso ya shafa ƙofar, ya ce ai kabad ɗin asibitin da ke jiranmu ƙofarsa ba ta kai wannan ba, a rage ta a sa masa. Na ce, "To, Baba, yadda ka gani." Na ɗauki fensirin na mayar wa mai shi bayan kunnensa da hannuna. Sa'an nan na shiga na gaya wa Bature an ɓata maɗaci ɗaya, kuma ni na ba da izinin aunawa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ɗaya kawai?" Ya ci gaba da rubutunsa.

Ranar Lahadi, bayan sun dawo daga coci, na zagaya gidan Ibon na gaya masa zargin da na yi masa, na ce ya yafe mini. Ya yi ta dariya, ya ce da ma ya yi mamakin yadda wuyana ya ƙage ba na iya amsa gaisuwa sai da ka. Bai karɓi takardar shaidar nan ba sai bayan shekaru.

Da kaka ta yi, aka ce in tafi wani gari kudu da Zariya in sa ido a kan ginin wata makaranta, wata biyu. Na san gwaji ne, kuma ba ginin ake gwadawa ba. Na bar wa Baba makullai. A can zuciyata ta rabu biyu: rabi na addu'a aiki ya tafi daidai, rabi kuma, ba zan ɓoye ba, na son in ji an turo amalanke. Ba wanda ya turo. Ko wasiƙa ban gani ba.

Na dawo wata Alhamis da hantsi ban sanar ba. Tun daga gindin mangwaro na ji zarto da guduma na tashi. Na shiga, aka yi mini sannu da zuwa da fara'a, kowa ya koma kan aikinsa. Ba wanda ya rungumo katako. Bencinan da aka ba mu na wata uku suna jere a rumfa, an gama, har an shafe su. Na faki ido na zaro rulata na auna uku, huɗu, goma. Daidai. Na kifa ɗaya don in ga ƙasansa, sai na ga ƙafafun ba ƙusa ko ɗaya. Wani irin haɗi ne da ban san shi ba, an sassaƙe katakon ya shige cikin ɗan'uwansa, in an zauna a kai ƙara cijewa yake. Na girgiza iya ƙarfina bai motsa ba.

Na kira Baba na ce wa ya koya masa wannan. Ya ce wani tsoho ne, tun zamanin da ake shimfiɗa hanyar jirgi. Na ce, "Shekara bakwai kana da wannan ba ka nuna mini ba?"

Ya ce, "Layinsa daban ne, Maigida. Ba ya yiwuwa a kan layin wani."

Washegari Bature ya kira ni. Bai yi dogon bayani ba, ya ce ya rubuta sunana, in ya tafi ni zan zauna. Ya tambaye ni wa zai gaje ni a wurin katako. Na ce ina da uku, ya zaɓa. Ya yi murmushi, ya ce bara ko ɗaya ba ni da shi. Na fito ina murna da wani ɗan ɗaci a ƙarƙashinta, don ba ƙaramin abu ba ne mutum ya ga an yi wata biyu ba shi kuma ba abin da ya ragu.

Ranar da na hau kujerar, na juya teburin ya fuskanci taga yadda na daɗe ina shiryawa. Da rana sai ga taubashiyata da kanta, ba sallama, ta dire mini kwano a kan takardu. Na buɗe, malmalar tuwo ce, an ja mata layi da yatsa a tsakiya. Ta ce, "Duba mini, bawana, ko ya karkace." Na ce ya karkace, amma zai ciwu. Duk ofishin da na riƙe bayan nan, abu na farko da nake nema shi ne wanda zai iya zare mini fensir daga kunne, don na san "haka ne, Maigida" ba ta ƙarewa, ita kuma taubashiya ba a tafiya da ita taro.

Baba aka ba wurina. Shekara biyu kawai ya yi, yanar ido ta rufe masa gani, ya ajiye aiki. A cikin shekara biyun nan ya koya wa duk mai so haɗin nan nasa. Ibon ya fi kowa kamawa, da shi ya buɗe shagonsa a Sabon Gari daga baya, ni na je na sa masa albarka. Har yau in na shiga tsohuwar makaranta nakan kifa benci in duba, kuma nakan sami haɗin nan, wani lokaci a garin da Baba bai taɓa takawa ba.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Shekara bakwai na idon Baba, lokacin da yake gani garau, a bayan kunnena suka ƙare. Na hau keke na je gidansa a Hanwa, na same shi a zaure yana shan hantsi, na zauna a ƙasa na faɗa masa haka, na ce ya yafe mini. Ya laluba ya kamo hannuna ya riƙe.

Ya ce, "Maigida, ai ka maido mini da sauran haske. Tashi daga ƙasa, ga kujera nan, jiya na gama ta. Zauna ka gaya mini ko tana motsi."

Na zauna, na jijjiga, ba ta motsi. Guntun fensirin nan yana bayan kunnensa, ya ƙare har ba ya fiƙuwa.